Kawunta-macin Bashi Lombe

Duk wanda ya tashi a unguwar Kantanshi ya san Bashi Lombe, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Sunansa na takarda Lackson Kapembwa, amma tun ranar da aka haifa masa ɗan fari aka raɗa masa Lombe, sunan takardar ya shige akwati tare da takardar, kowa ya koma kiransa Bashi Lombe, wato uban Lombe. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutsen tagulla a Mufulira, ya fito da kunne ɗaya da rabi, da gwiwa mai kuka kamar ƙyauren makewayi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ambaci rami ba. Rami abin da yake rage lokaci da shi ne daga Litinin zuwa Juma'a. Aikinsa na gaske ran Asabar da Lahadi yake, domin shi ne mai sandan badujalar cocin unguwa, mai tafiya a gaba da farar safar hannu, ƙarti talatin na biye da shi da begila da ganguna.

Gajere ne, sandar ma kaɗan ya rage ta kamo shi. Amma in ya cilla ta sama ya cafe, ya daka tsawa, har karnukan unguwar Butondo sai sun gyara tsayuwa.

Yana saurayi ya shiga badujala, a hannun wani Bature mai jan hanci da aka ajiye don ya koya wa ma'aikatan rami busa. Da Baturen zai koma ƙasarsu abu biyu ya bari: sandar nan mai kan azurfa, da wata kalmar Turanci guda ɗaya, kawunta-maci. Bashi Lombe ya riƙe su biyun kamar gadon ubansa. Duk sabon shiga sai ya sha karatu a kanta, a filin bayan coci, cikin rana.

"Ku buɗe kunne, ba juya baya ba ne. Juya baya ko akuya ta iya. In aka ce a juya baya, kowa a inda yake tsaye zai juya, na ƙarshe ya zama na farko, ni da sandata mu koma bin ɗuwawun masu ganga. Kawunta-maci kuwa ni zan fara juyawa, in ratsa ta tsakiyarku. Layin farko in ya iso inda na juya, ya juya ya biyo ni. Na biyu haka, na uku haka. Ƙafa ba ta tsayawa, kiɗa ba ya yankewa, kuma babu wanda zai wuce bai ga fuskar ɗan'uwansa ba."

"Ashe shi ya sa ba na iya cin abinci ran Asabar," in ji Jere mai babban ƙaho. "Sau biyu ina ganin taka."

Jere mutumin gabas ne, ɗan Ngoni, Bashi Lombe kuwa Bemba, saboda haka taubasai ne, zagi halal ne a tsakaninsu ko a gidan makoki.

"Rufe mana baki, mai cin ɓera."

"Ɓera dai nama ne mai tsabta. Ku masu cin biri, je ka duba madubi ka ga inda abin ya kai ku."

Wani malamin makaranta ya taɓa gaya wa Bashi Lombe cewa kalmar ta tsufa, ko a Ingila sai an kaɗe ƙurar ƙamus kafin a same ta. Bashi Lombe ya ce, "Su suka yar. In sun neme ta su zo Kantanshi mu ara musu." Kuma gaskiyarsa, a unguwar kalmar ta yi 'ya'ya. Mace ta baro kasuwa ta manta gishiri, sai ta ce bari ta yi kawunta-maci. Mashayi ya fito daga mashaya ya yi taku goma ya koma ciki, sai a ce ai wane ya yi kawunta-maci. Wannan ne ke ba shi haushi. Yakan tsaya a tsakiyar titi ya gyara wa mutum. "Mutum ɗaya ba ya kawunta-maci, mukwai, ranka ya daɗe. Ta tsakiyar wa zai ratsa?"

Mutum ɗaya ce ba ya yi wa gyara, matarsa Rosaria, Bana Lombe, wato uwar Lombe. Doguwa ce mai wushirya, tana da tebur a kasuwa inda take sayar da busasshen kifi da wake. Ita ke sa wa rigar faretinsa sitaci, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har ta iya tsayuwa da kanta. In ya saka ya fito yana taku a tsakar gida sai ta ƙame ta sara masa da muciya. "Ranka ya daɗe, Janar na ƙarshen mako. In an ci yaƙin a biyo mana da tumatir." 'Ya'yansu biyu, Lombe da ƙanwarsa Nsofwa, suna kiran uban Tata, uwar kuma Mayo, kamar kowane ɗan Bemba. Lombe ya ɗauko tsawon uwarsa da faɗin kafaɗar dangin uwarsa, da ya isa shiga badujala babu wanda ya yi gardama, aka rataya masa babbar ganga aka kai shi layin baya. Uba a gaba, ɗa a baya, mutum ashirin da tara a tsakani.

Akwai dokar da Baturen nan ya bari tare da sandar: mai sanda ba ya waiwaye, ba ya amsa magana, ba ya fita layi, sai ya dasa sandarsa a ƙasa an tashi. Bashi Lombe da wannan yake taƙama. Zuma ta taɓa harbinsa a fatar ido ana cikin maci, ya ƙarasa da ido ɗaya. Mazagin wandonsa ya taɓa tsinkewa a gaban bishop, ya matse cinyoyi ya kai ƙarshe. Labaran nan babu wanda bai ji su sau goma ba.

Shekara shida da suka wuce, ranar bikin samun 'yancin kai, aka shirya gasar badujala a babban fili. Watan Oktoba ne, kwalta har danƙo take yi. Da safe Rosaria ta ce kanta na sarawa, dama tana fama da hawan jini, amma ta miƙa masa rigarsa ta ce ya tafi kada sojojinsa su ɓace a hanya. Sun baro kasuwa ke nan sun miƙi hanyar fili, sai ga Nsofwa a gefen titi ba takalmi, tana riƙe da zaninta da hannu ɗaya tana ture mutane.

"Tata! Tata! Mayo ta faɗi! An kai ta asibiti, tana kiranku, kai da Lombe!"

Da ta ɓangaren mataccen kunnen ta biyo, da ya samu abin faɗa har ƙarshen ransa. Ta ɓangaren mai kyau ta biyo. Ya ji kowace kalma. Ƙafarsa ba ta canja ba. A ransa ya yi lissafi: minti ashirin ya rage, Rosaria kuwa mace ce da ta taɓa ɗaukar buhun masara daga tasha zuwa gida, minti ashirin ba zai kayar da ita ba. Taron jama'a ya haɗiye Nsofwa. Lombe na can baya, gangarsa ta rufe masa kunne da ido.

A gaban alƙalan gasa Bashi Lombe ya ɗaga sanda ya yi kiran da ya fi kowa iyawa, ya juya ya ratsa ta tsakiyar mutanensa. Ya zo daidai babbar ganga. Lombe ya jiƙe sharkaf da gumi, yana washe baki, har ya kashe wa ubansa ido ɗaya, wai yau namu ne. Uban ya dube shi cikin ido, ya wuce.

Minti ashirin ya zama awa ɗaya da rabi, domin wanda ya shiga fili ba ya fita sai manya sun gama jawabi. Na biyu suka zo. Ko na ɗayan ma ba su samu ba. Da suka isa asibiti da fararen kayansu, an riga an ja mata mayafi har ka. Wata nas ta ce musu, da nufin ta sanyaya musu rai, baiwar Allah ta yi ta tambaya ko an gama kiɗan.

A gidan makoki Nsofwa ta gaya wa wanta yadda aka yi, ba don ta haɗa faɗa ba, kuka ne ya fito da maganar. Lombe ya taso ya sami ubansa a cikin dattawa, ya durƙusa kamar yadda ɗa ke yi, ya yi magana a hankali.

"Tata, ka wuce ni. Da na miƙa hannu da na taɓa maɓallin rigarka. Ka sani, ka dube ni, ka wuce."

Daga wannan bai ƙara ce masa uffan ba. Ya kwashe kayansa ya kama ɗaki a Butondo. An zaci zai bar badujala, amma ran Asabar sai ga shi. Ya ce wa Jere gangar ba ta yi masa laifin komai ba. Haka suka ci gaba, uba a gaba, ɗa a baya. In akwai saƙo Jere ne ɗan aike, yana mita wai shi ƙaho aka ɗauke shi busawa ba gidan waya ba. In aka zo kawunta-maci, Lombe sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Ga dogo abin ba wuya, uban ko hularsa ba ta kai masa haɓa.

Taku biyu ne, daga lokacin da mai sanda ya zo daidai babbar ganga zuwa lokacin da ya wuce ta. A kan taku biyun nan Bashi Lombe ya rataya sauran rayuwarsa. Ya bar rami, ya koma gida shi kaɗai, yana guga da kansa yana ƙona wuyan riga, yana tuƙa tuwon masara mai gudaji, yana jiran Asabar. Ya taɓa aika wa Lombe kaza, kazar ta ƙare a tukunyar Nsofwa. Ya taɓa zuwa har ƙofar ɗakin Butondo, ya tsaya ƙiƙam kamar ana taken ƙasa, ya ji motsin cokali a ciki, ya juyo.

"Kai wane irin tsohon biri ne?" in ji Jere. "Ka shiga ka ce ka yi kuskure mana."

"Bai san na yi kuskure ba ne?"

"Ya sani. So yake ya ji ko kai ka sani."

"To da wane baki? Ni shekara arba'in ban san wata magana ba sai hagu, dama, tsaya."

"Sai ka ce masa tsaya ɗin."

Bai ce ba. Shekara ta bi shekara.

A watan Disamba Nsofwa ta zo masa da wake da labari. Lombe ya sami aikin walda a sabuwar mahaƙa a Solwezi, ran Lahadi da safe zai hau bas. Ba ta ce zai dawo ba, uban kuma bai tambaya ba. Asabar ɗaya ta rage, kuma an ɗauki badujala rakiyar amarya, 'yar mai kantin magani, daga gidansu zuwa coci. Kwana biyar Bashi Lombe ya yi yana shirya magana. Ya faɗa wa bango, ya faɗa wa tukunya, ya rage ta ya ƙara rage ta har ta zama abin da zai shiga cikin taku biyu.

Ranar aka wayi gari da ruwa, ya ɗauke da hantsi ya bar jan taɓo a titin coci. Badujala a gaba, motar amarya da furanni a baya, sai jerin motocin dangi da mata masu guɗa. Al'adarsu a ƙofar coci sau biyu ake juyawa: a juyo a fuskanci motar amarya a gaishe ta, a sake juyawa a shige.

Ya ɗaga sanda. "Kawunta-maci!"

Ya ratsa. Ya zo daidai ganga, maganar na kan harshensa, Lombe na kallon gajimare. Taku biyu suka ƙare. Ya gaida amarya da sanda, ya sake kira, ya sake ratsawa. Lombe na kallon gajimare. To an gama, ga ƙofar coci a buɗe, ga fasto a tsaye da littafinsa.

Bashi Lombe ya kai bakin ƙofa, ya sake ɗaga sanda.

Jere ya zare bakinsa daga ƙaho. "Mai cin biri, ga ƙofar nan a gabanka! Ko idon ma ya bi kunnen?"

Amma sanda ta riga ta yi magana, kuma shi da kansa ya koya musu cewa ba a yi wa sanda gardama. Suka juya. Mata suka ɓarke da guɗa, sun ɗauka gyara ce aka yi wa amarya. Na uku ya wuce, na huɗu ya biyo. Guɗa ta fara raguwa. Masu begila kumatunsu sun gaji, waƙa ɗaya ake ta maimaitawa, titin ya dame ya zama kunu, fararen wanduna sun koma ja har gwiwa. Fasto ya dubi agogonsa ya dubi sama. Gwaggon amarya ta zuge gilashi ta leƙo da ƙaton ɗankwalinta.

"Bashi Lombe! Aure muka kawo, ba noman titi muka ɗauke ku ba! Yarinya na zufa a cikin leshi!"

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ku bar shi, hanyar mashaya yake nema!" Aka kwashe da dariya.

Ya ji dariyar. Gwiwarsa kuma ta daina kuka ta koma ihu. Ya kai ƙofa, ya ɗaga sanda karo na biyar, muryar ta fito a dushe. Ya ratsa layin begila, ya ratsa na ƙaho, Jere ya bi shi da ido. Da ya zo daidai babbar ganga sai ya tsaya.

Shekara arba'in ba a taɓa ganin haka ba. Layin da ke biye da shi ya ci karo da bayansa, na bayansu ya ci karo da su, bakin begilar wani ya daki ƙeyar wani. Kiɗa ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya rage babbar ganga kaɗai. Ta buga uku, ta buga huɗu, ta yi shiru. Titin ya yi tsit, har ana jin injin motar amarya.

Bashi Lombe ya ɗaga kai. Rabonsa da ya ga fuskar nan a tsaye wuri ɗaya tun gidan makoki. Akwai wani tabo a haɓar Lombe, tsohon tabo har ya yi fari, shi kuwa bai san yaushe aka ji ciwon ba, bai san wa ya kai shi asibiti ba. Ya buɗe baki ya nemi maganar kwana biyar, ya tarar tabon ya share ta tas. Mutum ɗari biyu na kallo. Abin da ya fito shi ne:

"Fatar gangarka ta saki."

Lombe ya sauko da idonsa daga sama a hankali, ya ɗora a kan fuskar ubansa. Ya daɗe yana kallo.

"Damina ce, Tata."

Sai ya ɗaga gula ya buga sau biyu, alamar a ɗauki ƙafa. Layuka suka gyaru. Mai sanda ba shi da wurin zuwa sai gaba. Ya wuce, ya sake juya su, aka shigar da amarya coci.

Ran Lahadi, karo na farko tun da ya karɓi sandar, bai je faretin safe ba. Ya sa rigar gida ya ɗingisa zuwa tasha da ƙarfe bakwai. Nsofwa ya tarar tana shirin komawa, idonta ja. Bas ɗin ya cika da wuri, tun shida ya tashi.

"Ya bar saƙo?"

Ta yi ta gyara ɗaurin zaninta. "Ya ce a gaida kowa da kowa, Tata."

Da rana Jere ya same shi zaune a ƙofar gida, ya kawo masa gorar munkoyo mai sanyi, kunun masara na can, ya zauna yana nishi.

"Jiya ka kashe mu. Mai kantin magani ya ce ko kaza zai aurar ba zai ƙara ɗaukarmu ba."

"Mun yi magana, Jere."

"Na gani."

"Ba ka ji ba, kana can gaba. Ya amsa mini. Ya ce damina ce."

"To ai damina ce."

"Ya ce Tata." Ya juya gorar a hannunsa bai sha ba. "Mota nawa ake shiga zuwa Solwezi?"

"Biyu. Ka sauka Chingola ka canja. In ka je me za ka ce masa?"

Bashi Lombe ya kori ƙudan da ya sauka a bakin gorar. "Hanyar da tsawo. Zan samu kafin in isa."

Damina biyu ke nan da yin wannan zancen. Gwiwa ta sa ya miƙa sandar ga wani. Duk safiyar Lahadi yanzu, in badujala ta nufi coci, shi tasha yake nufa da takalmansa a goge, ya tsaya kusa da motar Chingola ya tambayi ƙarfe nawa take tashi. 'Yan kamasho sun san shi, har benci suke matsa masa.

"Shikulu, kakanmu, yau ne? Akwai kujerar gaba, ka miƙe ƙafarka."

"Ba yau ba, 'ya'yana. Tambaya dai nake yi."